Madaɓin Dada

Birnin Kudu, 14 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban Hadi da yara. Ya ƙarfin jikin Dada? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi da ya sa mu gaba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Dada ba ta jina a waya. Ranar Juma'a kin jawo ta har ƙofar gida inda sabis yake, na yi ta ɗaga murya har maƙwabtana suka san sirrina, ita kuwa "wa ke magana?" kawai take cewa. Takarda kuwa za ki karanta mata a kunnenta na dama, sannu a hankali. Yahuza direba ya ce zai riƙa kai mana duk sanda ya shigo Gwaram.

Ga maganar. Likita ya ce hawan jinin Dada da gwiwoyinta suna son dubawa duk wata, kuma kin ga yadda ta galabaita a mota wancan zuwan. Na gyara mata ɗaki a nan gidana, Baban Rufaida ma ya yarda. Ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar, da uwata ta rasu, ba zan zauna a birni tana tsufa a ƙauye ba. Da na faɗa mata sai ta ce ba ta barin kajinta, kajinta kuma ba sa zama a kan siminti.

To, na ji. Na sa an kewaye bayan gida da ragar waya, an rufe rabi da kwano, rabi an bar shi a buɗe. Abin da ya rage ƙasan wurin ne. Magini ya ce siminti, maƙwabciyata ta ce garin katako, malamin dabbobi ya ce yashi. Ni dai irin na akurkin Dada nake so, wanda za ta taka ta ce ta zo gida. Ina yarinya na ga ana daɓe shi, amma abin da na riƙe waƙar matan ce kawai da bororon da hannuna ya yi, aka kai ni makarantar kwana ban koya ba. Ki tambaye ta dalla-dalla ki rubuto mini.

Na san kina ƙoƙari da ita, Allah ya saka miki. Amma ɗawainiyar Dada tawa ce, ke taimaka mini kike yi, kuma lokaci ya yi da zan sauke miki.

Yayarki,
Ummussalma

Farin Dutse, 23 ga Afrilu

Yaya Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Dada ma da sauƙi, sai gwiwar hagu da take hana ta durƙuso. Baban Hadi yana gaishe ku.

Takardarki ta iso. Sau uku na karanta mata, sannan ta ninke ta ta sa a kwallarta, inda take ajiye turarenta. Kafin la'asar babu matar da ba ta sani ba a unguwa cewa "'yata ta Birnin Kudu ta gina wa kajina gida". Ni da na share akurkin da safen nan, na kwaso kashin kaji kwando guda, ina tsaye a gefe da tsintsiya ina ji.

Na gode da kika sanar da ni taimako nake yi. Shekara tara ke nan tunda aka kawo ni gidan nan nake dama mata kunu, nake wanke mata zani, nake shafa mata man zafi a gwiwa, ban san sunan aikin ba sai yanzu. Ai gara da kika faɗa.

Ga abin da kika tambaya. A samo marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa, a haɗa da ƙasar shuri wadda gara ta gina, a jiƙa, a shimfiɗa, a yi ta duka kwana uku har ƙafa ta daina shiga. Idan ya bushe a zuba ɓawon gyaɗa a kai. A ajiye toka a wata kusurwa don birgima, ita ke kashe musu ƙuma.

Dada ta ce ba ta tashi a kan labari. Za ta aiko miki da kaji shida su gwada wurin, zakara ɗaya da mata biyar. Idan suka ci damina lafiya, bayan kaka za ta biyo su da sauran. Idan ba su ci ba, maganar ta mutu. Cikinsu har da Wake-wake, mai zanen baƙi da farin nan da take ci a tafin hannunta. Na ce ta bar wannan a gida, ta ce ai ɗiyarta za ta aika wa, dole ta aika wadda ta fi so.

Ki gai da Rufaida.

Nasiha

Birnin Kudu, 19 ga Mayu

Ƙanwata Nasiha,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jikin Dada ya ƙara sauƙi. Rufaida ta yi 'yar mura, ta warke.

An gama. Lebura uku na ɗauka, suka yi ta dariya wai sun zo aikin mata, amma sun daka shi da taɓare da guntun bulo har kwana uku. Ya yi sumul, na zuba ɓawon gyaɗa buhu biyu tun daga ƙarƙashin kwano har fili. Kajin sun iso lafiya. Wake-wake ta zagaya wurin kamar mai duba ɗakin amarya, yanzu har ta fara kwanci a kan ƙwai tara. Ki faɗa wa Dada wannan da ƙarfi.

Kin ɗauki maganar taimako da zafi. Ni ba raini na nufa ba. Amma tunda kin taɓo, kakata da Dada ciki ɗaya suka fito, ke kuwa kakanki ɗan baffanta ne, zumuncinki da ita sai an zauna an warware. Aure ne ya kai ki gidan. Ni a bayanta na yi barci.

Abu biyu zan tambaye ki. Ina tuna wani ruwa ja-ja mai ɗan wari da Dada take yayyafawa idan ana daɓe, yana ɓata hannu har mako guda. Ba ki ambace shi ba. Mene ne shi?

Na biyu, Hapsatu ta gidan liman ta zo awo asibiti, ta biyo ta nan. Ta ce ta ga madaɓin Dada a bayan ƙofarki. Madaɓin nan na uwar Dada ne, hannu ya cinye mariƙinsa har ya yi santsi, kuma tun ina ƙarama take cewa nawa ne. Ban yi barcin rana ba ranar. Ba ki aka yi, ko ajiya ce?

Kuma na tambayi Dada a waccan takarda ta biyu da na haɗa da sabulu ko tana son shuɗin fenti a ɗakinta, ban ji amsa ba. Kina karanta mata komai kuwa?

Ummussalma

Farin Dutse, 20 ga Yuni

Yaya Umma,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. An yi ruwan shuka, maza suna gona, shi ya sa na daɗe ban rubuto ba.

Turmin atamfar da kika aiko wa Dada ya iso. Ni na kai ɗinki, ni na karɓo, ni na ɗaura mata ɗankwalin. Duk wanda ya shigo gaisuwar Sallah sai ta kama gefen zanin ta ce, "Taɓa ki ji, Ummata ce ta aiko." Tuwon da ke gabanta kuwa da naman da na tsinke mata ƙanana saboda haƙori, babu wanda aka ce ya taɓa ya ji. Da ta ci loma biyu sai ta ce miyar ba ta kai taki ba. Yaushe rabon da ki yi mata miya, Yaya? Ni dai ban taɓa gani ba.

Madaɓi yana wurina, yana nan lafiya, babu abin da ya same shi.

Ruwan da kika tuna, kin ce wurinki ya yi sumul, to me ya rage?

Fenti kuma kowane iri kika shafa za ta yaba, tunda ke kika shafa.

Nasiha

Birnin Kudu, 17 ga Yuli

Nasiha,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ki karanta wa Dada gaisuwar nan kawai, sauran naki ne.

Wurin ya lalace. Tun ruwa na uku daɓen ya jiƙe ya koma caɓi. Duk ruwan tsakar gida can yake gangarawa ya kwanta, har ƙarƙashin kwanon. Ɓawon gyaɗan ya sha ruwa ya yi fumfuna, wari ba a magana, maƙwabciyata ta fara yi mini habaici ta katanga. Na kwashe na zuba sabo, kwana biyu ya koma yadda yake.

Wake-wake ta ƙyanƙyashe tara. Bakwai sun mutu cikin mako guda, zawo suke yi da jini. Malamin dabbobi ya ba ni magani, ya ce amma magani ba ya aiki a kan jiƙaƙƙen wuri. Yanzu ita ma uwar ta takure a gefe, fukafuki a ƙasa, ba ta ko kallon dawa. Jiya na ɗauke ta na sa a kwali a kicin, na zauna ina ɗura mata ruwa da cokali ina kuka kamar wata yarinya.

Na yi duk abin da kika rubuto, ban bar ko ɗaya ba. Don Allah ki tambayi Dada ta bayan fage, kamar hira, me ake yi wa daɓe don ruwa. Ki ba Yahuza amsa a wannan zuwan. Idan kajin nan suka ƙare, kin san abin da ta ce.

Ummussalma

Birnin Kudu, 9 ga Agusta

Nasiha,

Ina gaishe da Dada.

Mako uku ke nan shiru. Na kira wayarki ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Wake-wake ta mutu ranar Talata da hantsi. Na tona rami a gindin zogale na binne ta, Baban Rufaida yana kallona kamar na taɓu.

Na je na ɗauko wata tsohuwa a unguwarmu da ta yi daɓe a ƙuruciyarta. Ta dubi wurin, ta soka sandarta, ta ce, "Wa ya koya miki wannan? Ba tudu, ba gangare, ba makuba, kuma kin zuba ɓawo a inda ruwa ke duka. Ai ko ɗakin jaki ba a yi masa haka." Makuba. Shi ne ruwan da na tambaye ki kika share.

Dada ta yi shekara sittin tana daɓe, ba za ta manta makuba ba. Saboda haka abin da ke cina tun ranar shi ne, watakila ita ce ba ta son zuwa. Watakila ta saba da ke, da hannunki, da yaranki, ta ji nauyin ce mini a'a, sai ta faɗi rabi don wurin ya lalace da kansa. Ta ba ki madaɓin, ai magana ta ƙare tun can, ni ce ban gane ba. Ina tuna ku zaune a tabarma ɗaya kuna gyaran wake, ni kuwa ina nan ina shafa fenti a ɗakin da babu mai shiga, sai in ji kamar in fasa ihu. Kishinki nake yi, Nasiha, na faɗa, ba na jin kunya.

Idan haka ne, ki faɗa mini gaskiya. Zan sa a kwance ragar in sayar da kwanon, ba zan ƙara damunku ba.

Ummussalma

Farin Dutse, 21 ga Agusta

Yaya Umma,

Assalamu alaikum. Dada tana lafiya. Ni ce ba ni da lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Ruwa ya ci hanyarmu, Yahuza ya yi wata guda bai shigo ba, wayata kuma ta faɗa a randa. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Na karanta ta fari a tsaye, ta biyu a zaune.

Kada ki kwance komai. Dada ba ta rage miki ko kalma ɗaya ba. Ni ce na rage.

Ga abin da ta ce tun ranar farko. A fara cike wurin da marmara har ya ɗara tsakar gida da tsawon tafin hannu, a karkata shi ya gangara wajen rariya. A jiƙa ɓawon ɗorawa kwana biyu, ruwansa shi ne makuba, da shi ake yayyafi duk sanda aka yi zagayen duka, shi ke sa daɓe ya ƙi shan ruwa. Ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa a ƙarƙashin rufi kaɗai, a riƙa juyawa, a sake idan ya yi danshi. Fili kuwa yashin rafi mai kaushi, wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa. Ta ƙulla miki ɓawon ɗorawa a tsohon zani, ta haɗa da madaɓin, ta ce in ba Yahuza tare da kajin. Kajin kawai na ba shi. Ɓawon yana ƙarƙashin gadona har yau.

Kuma kin yi gaskiya, ba komai nake karanta mata ba. Duk inda kika rubuta "Dadata" ko kika tuna mata wani abu na ƙuruciyarki, tsallakewa nake yi. Maganar fenti ma na tsallake.

Ban yi nufin wani abu ya mutu ba. Cewa na yi wurin zai ɗan jiƙe, ki gaji, ki maido kajin, ta zauna. Uwata ta rasu shekarar da aka kawo ni gidan nan, Yaya. Ke kina da hujjar da za ki nuna, goyo da riƙo da kaka ciki ɗaya. Ni ba ni da komai sai shekara tara na kunu. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa "'yata" tana nufina ba, amma idan na tashi da safe muryarta nake fara nema. Sai ga takarda daga birni wai za a sauke mini.

Wake-wake kuwa ba ki san tawa ce ba. Muzuru ya kama uwarta tana kwana huɗu, ni na raine ta a ƙwarya a ɗakina, ina tauna mata gero. Da hannuna na ɗaure ƙafarta na miƙa wa Yahuza, na san wurin da za ta je babu makuba.

Jiya da safe na sami Dada tana watsa wa kaji dawa, na durƙusa na faɗa mata duka a kunnen dama. Ta ci gaba da watsa dawarta. Can ta ce, "Kin kashe kaza don ki riƙe tsohuwa? Tsohuwar me za ta yi miki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Su wa suka daɓe wurin?" Na ce lebura. Ta ce, "Maza? Da bulo?" Wannan ya fi ɓata mata rai, ina ji. Ta ce idan ruwa ya ɗauke in ɗauki madaɓin in je in daɓe shi da hannuna, ke ma ki ajiye takalmin makarantarki ki durƙusa. Idan ya yi, za ta zo. Tun lokacin ba ta ƙara yi mini maganar ba, kunun ma ta sha.

Ki yafe mini idan za ki iya. Idan ba za ki iya ba, ki dai bar ni in zo in yi aikin.

Nasiha

Birnin Kudu, 2 ga Satumba

Nasiha,

Na ga takardarki. Sauran kajin biyar da 'yan tsaki biyu na mayar da su tsohon sito a kan ƙaiƙayin shinkafa, sun fara murmurewa.

Maganar yafiya ki bar ta tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi wata guda ina zargin matar da ta goye ni, wannan ya fi mini mutuwar kaza ciwo.

Ki zo farkon Nuwamba. Zan tanadi marmara da yashi. Wannan takardar ki karanta mata duka, har da nan: Dadata, ɗakinki shuɗi ne.

Ummussalma

Birnin Kudu, 28 ga Disamba

Ƙanwata Nasiha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baban Hadi da yara. Ya hannu? Nawa sai makon jiya jan makuba ya fita daga farce. Dada tana lafiya, an auna jininta ya sauka, an canza mata maganin gwiwa.

Daɓenmu yana nan kamar dutse. Na kwara masa bokiti biyu don gwaji, ruwan ya bi gangare ya fita ta rariya bai tsaya gaisawa ba. Har yanzu matan unguwa suna labarin kwana ukun nan, yadda muka wuni ranar farko muna karɓa-karɓar madaɓi ɗaya ba mai ce wa kowa uffan, sai da tsohuwar nan ta unguwarmu ta ɗauko waƙa kika amsa, ni ma na amsa. Kaji goma sha tara yanzu, suna birgima a toka, suna tona yashi. Ranar da Dada ta sauka daga mota ba ɗakinta ta fara shiga ba. Ta cire takalmi ta taka wurin kusurwa-kusurwa, ta buga dunduniya, ta ce, "Nan hannun Nasiha ne. Nan ma. Wannan gefen mai taushi naki ne."

To, ga abin da ya sa na rubuto, kuma sau biyu ina yaga takardar. Tun ranar ban huta da sunanki ba. Na dama kunu, ta ce Nasiha ba ta barin gudaji. Na shafa mata man zafi, ta janye ƙafa ta ce Nasiha tana ɗumama shi a tafin hannu tukuna. Shuɗin fentin da na sha wahala a kai, ta ce yana sa mata jiri. Sau uku tana kirana Nasiha, na amsa.

Ranar Juma'a abokan aikina malamai suka zo gaishe ta. Na yi girki tun safe, ina tsaye da faranti a hannu, sai na ji tana ce musu, "Ina da 'ya a Farin Dutse. Shekara tara ba ta taɓa barina na nemi ruwan alwala da kaina ba. Da za a raba ta da ni har kaza ta kashe." Tana faɗa tana dariya, tana share ido da gefen mayafi. Wata ta ce, "Ai ga Malama Umma ma." Ta ce, "E, ita ma tana ƙoƙari."

Tana ƙoƙari. Na shiga kicin na ajiye farantin, na tsaya ina kallon bango. Mako shida kawai na yi ina cin abin da kika ci shekara tara, kuma wallahi ya ishe ni. Na yafe miki, Nasiha. Ba don halina ya yi kyau ba, don yanzu na san da ni ce da na yi abin da ya fi naki.

Saura ɗaya. Ta ce in mayar miki da madaɓin, wai a hannun da ya iya ya kamata ya zauna. Yahuza ya zo har ƙofa ya tambaya ko da saƙo. Takardar nan kawai zan ba shi. Madaɓin yana bayan ƙofata, yana nan lafiya, babu abin da ya same shi. Ki ba ni mako biyu.

Yayarki,
Ummussalma

Farin Dutse, 6 ga Janairu

Yaya Umma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ki gaishe mini da Dada a kunnen dama. Man zafin ki murza shi har tafinki ya yi ɗumi, ki fara daga bayan gwiwa. Kunun kuma ki tace sau biyu.

Akurkin nan babu kowa a ciki. Har yanzu ina share shi da safe, jiya ma sai da na ɗebo dawa na isa ƙofar sannan na tuna.

Madaɓi ki riƙe, ko shekara ne. Na riƙe miki shi wata bakwai.

Takardarki tana cikin kwallata. Wurin da ta ce tana da 'ya a Farin Dutse har ya fara yagewa a ninki. Da gaske haka ta ce, "'ya"? A gaban mutane? Shekara tara ina gabanta ban ji ba, sai da na daɓe mata hanyar tafiya da hannuna.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk abin da ta faɗa a kaina ki riƙa rubuto mini yadda ta faɗe shi. Na san zafinsa, na san yadda hannu yake son ya wuce wurin. Don Allah kada ki yi mini irin tawa, Yaya. Kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ƙanwarki,
Nasiha